Laminet ko Binil: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Rufe Daɓen Ɗakin Aikinka

Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, ɗaki guda a gidaje da yawa ya canza aiki. Ɗakin baƙi ko shagon ƙofar gida ya koma ofis: ga tebur, ga kwamfuta, ga kujera mai taya, ga batiran inbata jere a lungu. Malaman jami'a, lauyoyi, masu zanen gine-gine, matasan da ke yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet, da matan da ke kasuwanci ta waya, duk sun shiga wannan sahu. Wanda ya yi fenti ya rataya labule kuwa, idonsa kan daɓe yake sauka. Siminti ya tsufa, kafet yana tara ƙura, tayil yana da sanyi da amsa kuwwa. Sai a ce masa ga sabon yayi, falankayen nan masu kamar katako da ake harhaɗawa a yini ɗaya ba tare da an kwaɓa siminti ba. Iri biyu ne a kasuwa, laminet da binil.

Gardamar da ake yi a kansu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wasu sun ce laminet katako ne, binil kuwa leda ce, don haka na farko ya fi lafiya. Wasu sun ce a'a, laminet ɗin nan shi ne aka kama a Amurka yana sa ciwon daji. Masu shago kuma suna da tasu waƙar: binil ba ya jin ruwa, ko ambaliya aka yi ba abin da zai same shi. Kowace magana a cikin ukun nan tana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa take saurin shiga kunne. Ta ukun ce ta fi damuna, domin ita ce ta fi cinye wa mutane kuɗi.

Maganar katako da leda ba ta buƙatar dogon bayani. Falankin laminet hawa huɗu ne. A sama akwai siririn rufi mai garai-garai na sinadarin melamin da aka cakuɗa da garin aluminiyam oksaid mai tsananin tauri. Ƙarƙashinsa takarda ce da aka buga hoton katako a kanta. Tsakiyar, wadda ta fi kauri, itace ne da aka niƙe ya zama zare-zare, aka kwaɓa da gam, aka matse da zafi har ya dunƙule. Sai shafi na ƙasa da ke hana falankin lanƙwashewa. Kaurinsa duka yakan kama daga milimita 6 zuwa 12. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, daga baya ya riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Binil kuwa robar PVC ce, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita. Ledar ɗaki ta naɗi da muka saba gani a ɗakin amare tana cikin danginsa. Akwai kuma falanki mai laushi da ake mannawa da gam, akwai mai tauri da ake kira SPC, wanda fiye da rabin cikinsa garin farin dutse ne irin wanda ake yin siminti da shi, an haɗe shi da PVC. Shi ma hoton katako ne a samansa, an rufe da roba. Kowanne ka shimfiɗa, tafin ƙafarka roba yake takawa. Bambancin yana can ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Yanzu ga maganar ruwa. Mai shago yakan yanko guntun SPC ya jefa a bokiti, ya ce ka dawo bayan mako guda ka gani. Gaskiya ya faɗa, za ka tarar da shi yadda aka bar shi, domin dutse da roba ba sa shan ruwa. Amma kai ba guntu za ka saya ba, ɗaki za ka rufe. Falankayen nan yawanci ba a manna su a ƙasa, gefensu ake saƙala wa juna, shimfiɗar ta kwanta sakayau a kan daɓe, a bar ɗan rata a jikin bango. Ruwan da ya zuba da yawa zai bi ta mahaɗi da ta gefen bango ya shige ƙasa. Da ya shiga, robar da ta hana shi taɓa falankin ita ce za ta hana shi fita. Sai ya kwanta a wurin, cikin duhu, ba iska. Bayan makonni sai ɗakin ya fara warin danshi, funfuna ta kama ƙasan shimfiɗar da gindin bango, mai ɗakin yana ta fesa turare bai san inda warin yake fitowa ba. Falankin lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne ya lalace. Duk wanda ruwa ya shigar masa ɗaki sosai dole ya kwance shimfiɗar, ya busar da daɓen, sannan ya mayar. Alherin binil shi ne falankayen za su koma inda suke. Na laminet bola za su tafi.

Ruwan da ya fi ɓarna ma ba daga sama yake zuwa ba. Kankare yana shan laima daga ƙasa yana fitar da ita sama a hankali. Gidajenmu da yawa an zuba musu daɓe ba tare da an shimfiɗa ledar da ke tare danshi a ƙarƙashin kankaren ba, ko dai don mai gida yana neman sauƙi ko don birkila bai ga amfaninta ba. Muddin daɓen yana buɗe, laimar tana bin iska ba wanda ya lura. Ranar da aka rufe shi, ranar matsala ta fara. Alamunta ba sa ɓuya: fenti yana ɓarewa a gindin bango, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a jikin filasta, tabarma tana sanyi da safe a watan Agusta. Akwai gwaji mai sauƙi da masu gine-gine suka daɗe suna yi. A yanko leda mai kauri, faɗin santimita 45 ta kowane ɓangare, a manne gefunanta a kan daɓe da salatif, a bari ta kwana, aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, daɓen yana da danshi. Amma a yi gwajin da damina. Wanda ya gwada a watan Janairu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, zai ga komai daidai, sannan Agusta ta ƙaryata shi. Sabon daɓe kuwa sai an yi haƙuri da shi. Ma'aikatan shimfiɗa suna lissafin kusan kwana ɗaya ga kowace milimita ɗaya ta kaurin siminti, wato daɓe mai kaurin santimita 5 yana neman kusan wata biyu kafin a rufe shi. Mai gaggawar tarewa ba ya son jin wannan, ma'aikaci mai gaggawar karɓar kuɗi kuma ba ya faɗa.

Abin da danshi ke yi wa laminet, duk wanda ya taɓa jiƙa garin kwaki ya san shi. Ka zuba gari kaɗan a kofi, ka sa ruwa, ka juya baya, ka dawo ka tarar ya cika kofin. Ko ka shanya shi a rana, ba zai koma garin da ka auno ba. Haka zaren itacen da ke cikin laminet yake. An matse shi ne da ƙarfin inji, da ya sha ruwa sai ya saki, ya kumbura, kuma ko ya bushe kumburin yana nan. Daga bakin falanki yake farawa, inda aka yanka, domin nan ne cikin yake a fili. Sai ka ga mahaɗan sun ɗan tasa, ka shafa da hannu ka ji tudu. Daga nan tayar kujera ta riƙa bugun tudun kullum har rufin saman ya ɓantare, hoton katakon ya yage, launin kwali ya bayyana. Ba a goge laminet da inji a sake masa fenti kamar katakon gaske. Gyaransa ɗaya ne, a cire falankin a sa wani, idan an yi dabarar ajiye ragowa.

Akwai sabbin laminet da aka shafe bakinsu da abin da ke korar ruwa, ana rubuta cewa suna jure ruwan da ya zuba na awa 24, wasu har 72. Ci gaba ne na gaske. Sai dai alkawarin a kan ruwan da ya zuba daga sama ne, kamar kofin shayi da ya kife. Bai shafi laimar da ke tasowa daga kankare ba. Don haka ne masu ƙera laminet suke sharɗanta a shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2 a kan siminti kafin a ɗora falanki, a haɗe bakinta da salatif. Wannan ledar ita ce abu mafi araha a duk aikin, kuma ita ce aka fi tsallakewa.

A duba kuma yadda muke tsabtace ɗaki. A gidajenmu ana shara, sannan a tsoma mofa a bokitin ruwan omo a lafta wa ƙasa sharkaf. Tayil ya saba da haka, binil zai ɗauka idan ba a bar ruwan ya kwanta ba, laminet kuwa tsumma mai ɗan danshi kawai yake so. Mai ofis yana iya sanin wannan ƙa'ida, amma shi ne ke goge ɗakin kullum? Ga esi da ke ɗiga a jikin bango idan bututunta ya toshe, ga taga da aka manta a buɗe ranar da hadari ya taso, ga buta da ake ajiyewa a bakin ƙofa. Sannan ga gara, wadda ba ta ƙyale duk abin da aka yi da itace, balle idan da danshi a wurin. Gidan da gara ta taɓa cin ƙyauren ƙofa ko silin, a yi maganinta tukuna kafin a yi zancen laminet a ɗakin ƙasa.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, binil ya ci. Ba ta ƙare ba, domin ɗakin aiki yana da wani abokin gaba da falo da ɗakin kwana ba su da shi, wato kujera mai taya. Mutum mai nauyin kilo 80 yana zaune, nauyinsa duka ya tattaru a kan ƙananan tayoyi biyar, yana gaba yana baya a fili ɗaya da bai wuce faɗin darduma ba, awa takwas a yini. Ƙara da yashin da takalmi ke shigowa da shi, da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ke shiga ɗaki ko an rufe taga. Ƙwayar yashi ta fi roba tauri nesa ba kusa ba. Idan ta shiga ƙarƙashin taya, sai ta riƙa kankare saman shimfiɗar. A wannan fage laminet ne gwani, domin aluminiyam oksaid da ke samansa ya fi yashi tauri. Binil yana saurin yin zane-zane, ƙyallinsa ya dushe a daidai inda kujera take, ya bar da'ira mai hazo a ƙarƙashin tebur.

Nan ne lambobin da ke jikin kwali suke da amfani. Laminet yana da ma'aunin juriya da ake rubutawa AC. AC3 na zaman gida ne, AC4 na ƙananan ofisoshi da shaguna, AC5 na wuraren da jama'a ke tururuwa. Ɗakin da ke da kujera mai taya, AC4 ya dace da shi. Binil kuwa kaurin rufin samansa ake dubawa, ba kaurin falankin duka ba. Mai shago zai ce maka wannan milimita 5 ne, wancan 6, alhali abin da taya ke ci shi ne siririn rufin, wanda a masu araha yakan tsaya a milimita 0.2 ko 0.3. Na ɗakin aiki ya kai 0.5 ko 0.55. A Turai har gwajin kujera ake yi wa shimfiɗa, inda inji ke juya tayoyi masu ɗauke da nauyi sau 25,000 a kanta, wadda ta ci jarrabawar sai a buga mata ɗan hoton tayar kujera a kwali. A nemi wannan hoton.

Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne canza tayar kanta. Kujerun ofis yawanci suna zuwa da taya mai tauri, wadda aka yi domin kafet. Akwai mai laushi ta poliyuritan da aka yi domin ƙasa mai tauri, ana zare tsohuwar da hannu a cusa sabuwar. Ko kuma a sa faranti na musamman da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kujera. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: baƙar roba irin ta tayar mota ba ta shiri da binil. Tabarmar ƙofa mai ƙasan roba, ko takalmin roba da ake sa wa ƙafar tebur, idan suka daɗe a kan binil suna barin tabo rawaya ko ruwan ƙasa, wanda ba sabulun da ke fitar da shi domin ya shige jikin robar ne.

Zafi ma yana da nasa hukuncin. Masu ƙera binil galibi suna rubuta cewa ɗakin ya zauna tsakanin digiri 18 zuwa kusan 29. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yana haura 40 a inuwa, kuma ɗakin da aka ɗauke wuta ba ya tambayar abin da aka rubuta a kwali. Roba tana miƙewa da zafi. Inda rana ke faɗowa ta taga kai tsaye, musamman a kan launi mai duhu, binil mai laushi yana iya tasowa ya yi ƙusumbi ko mahaɗansa su buɗe. SPC ya fi dauriya saboda dutsen da ke cikinsa, amma shi ma yana son labule. Laminet zafi bai cika damunsa ba, sauyin laima ne ke motsa shi. Da hunturu, lokacin da laimar iska a Kano takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, yana tsukewa, da damina kuma ya buɗe. Saboda haka ake barin ratar milimita 8 zuwa 10 a jikin kowane bango, a rufe ta da katakon gindin bango, kuma ake ajiye kwalayen a cikin ɗakin awa 48 kafin a fara aiki. Ma'aikacin da ya danna falanki ya manne da bango don aiki ya yi kyau a ido, ya shirya maka tudu a tsakiyar ɗaki ne idan ruwa ya sauka.

Batiran inbata suna da alaƙa da wannan. Batir ɗaya mai ruwa na 200Ah yana kusan kilo 60, huɗu sun haura kilo 200 a lungu ɗaya. Shimfiɗar da aka tsara ta riƙa motsi, idan aka danne gefe guda da irin wannan nauyi, sai motsin ya koma ɗaya gefen, mahaɗai su rabu. Ruwan batir kuma asid ne. Abin da ya fi shi ne a bar lungun batir da simintinsa ko tayil, shimfiɗar ta tsaya kafin ta kai wurin, in da hali ma a fitar da batiran daga ɗakin da ake wuni a ciki. Sannan daɓen ya zama ya daidaita. Idan aka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya ta mita 2 aka ga rami ko tudu da ya wuce kimanin milimita 3, sai an gyara. Haƙoran da ke saƙale falankayen SPC sirara ne, idan da rami a ƙasa, tayar kujera za ta karya su. Mai yawan taro ta bidiyo ko naɗar murya ya sani kuma cewa laminet yana ƙwas-ƙwas idan aka taka, binil ya fi shiru, kodayake soso mai kyau a ƙarƙashi yana rage ƙarar.

Saura zancen ciwon daji. Labarin yana da tushe. Ranar 1 ga Maris 2015, shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS a Amurka ya nuna cewa laminet ɗin da kamfanin Lumber Liquidators ke shigowa da shi daga Sin yana fitar da sinadarin fomaldihaid fiye da ƙa'idar jihar Kalifoniya, alhali an buga wa kwalayen tambarin cika ƙa'idar. Fomaldihaid shi ne sinadarin da ke cikin fomalin da ake adana gawa da shi, yana kuma cikin gam ɗin da ke riƙe zaren itace. Tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam. Kamfanin ya daina sayar da laminet ɗin Sin a watan Mayu na wannan shekara. A Fabrairun 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa haɗarin ya kai ƙarin mutum 2 zuwa 9 cikin 100,000, sannan ta gano ta yi kuskure wajen lissafin tsayin silin, ta gyara zuwa 6 zuwa 30 cikin 100,000, ga wanda ya yi shekaru yana shaƙa. Abin da ya fi saurin bayyana shi ne yajin ido, ƙaiƙayin maƙogwaro da tashin asma. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 33 saboda yaudarar masu hannun jari game da lamarin.

Abu biyu ya kamata a ɗauka daga nan. Matsalar ta kayan wasu masana'antu ce da suka yi amfani da gam mai araha, ba ta kowane laminet ba. Teburin da ke ɗakin, da kabad, da kantar littattafai, idan na matsattsen katako ne, gam iri ɗaya ne a jikinsu, kuma ba wanda ke tsoronsu. Amma kuma kada a yi sakaci, domin zafi da laima suna ƙara yawan fomaldihaid da ke fita, mu kuwa muna da duka biyun, sannan muna rufe taga ruf saboda esi da sauro. Ma'aunin Turai da ake kira E1 ya iyakance shi a miligiram 0.124 a kowace mita kubik ta iska, Tarayyar Turai kuma ta zartar da rage shi zuwa 0.062 daga Agustan 2026. Na Amurka ana rubuta CARB 2 ko TSCA Title VI. Fitar sinadarin ta fi yawa a farko, tana raguwa da lokaci, don haka sabon ɗaki a bar tagoginsa a buɗe na wasu kwanaki kafin a fara wuni a ciki.

Wanda ya guji laminet saboda wannan ya ruga wajen binil mafi araha, yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago. PVC a asalinta tauri gare ta, sai an zuba mata sinadaran tausasawa, kuma wasu daga cikinsu, dangin fitalet, an gano suna taɓa sinadaran haihuwa na jiki. A 2015 manyan shagunan Amurka irin su Home Depot da Lowe's suka sanar da daina sayar da binil mai ɗauke da su, Tarayyar Turai kuma daga Yulin 2020 ta hana huɗu daga cikinsu wuce kashi 0.1 cikin ɗari a kayayyakin da ake amfani da su. Wannan ya fi shafar leda mai laushi da yara ke rarrafe a kai. SPC, da yake mai tauri ne, ba ya buƙatar su sosai. Tambarin FloorScore a kwali yana nuna an gwada iskar da shimfiɗar ke fitarwa. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a ƙona ragowar binil ko tsohuwar leda a bola. PVC idan ta ci wuta tana fitar da hayaƙi mai asid da guba mai suna dayoksin, kuma maƙwabta da yaran unguwa ne za su shaƙa.

Darasin Amurka da ya fi shafarmu shi ne cewa tambari kaɗai bai isa ba, tunda can ma an buga shi a kan kayan da ba su cika ƙa'ida ba, sai da aka kai su ɗakin gwaji asiri ya tonu. Mai saye ba shi da ɗakin gwaji. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, kuma a ganina shimfiɗar ɗaki ta cancanci a riƙa ɗibarta daga kasuwa ana gwadawa, a kuma sanar da jama'a sakamakon da harshen da suke ji. Ƙasashen da suka tsaurara doka sun rufe ƙofarsu ga kaya marasa kyau, masana'antun da ke yin su kuwa dole su nemi inda ƙofa take a buɗe. Mu ma masu saye da namu laifin. Mutum zai yi awa guda yana zaɓen launi, ya kasa minti biyu wajen karanta gefen kwali. Araha ba ta ado, kuma kayan da ba su da sunan kamfani, ba lambar AC, ba kaurin rufi, ba alamar E1, ba su cancanci shiga ɗakin da za ka wuni a ciki ba, komai kyan hoton da ke samansu.

Ga hukuncina. Idan ɗakin aikinka a ƙasa yake, a kan siminti, kuma da ruwa ake goge shi, ɗauki SPC mai rufin milimita 0.5, ka daidaita daɓen, ka shimfiɗa ledar tare danshi, ka sa labule, ka canza tayoyin kujera. Idan a saman bene yake, busasshe, rana tana shigowa, kuma kai ne mai kula da goge shi, laminet AC4 mai alamar E1 zai fi jure yashi da taya. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin murabba'in mita 13.4, ka sayi 15 saboda yanka, ka ɓoye ragowar domin gyara. Idan gwajin leda ya nuna raɓa, kada ka shimfiɗa ko ɗaya sai an magance danshin. Wanda kuma tayil ɗinsa lafiya lau yake, ya bar shi, ya sayi darduma mai kauri, ya kashe kuɗin a kan kujerar da za ta kare masa baya.